Rasuwar 'Yar Yamai a Hanyar Tibiri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, cikar da ba ta bar wa abinci wuri ba, ni Maman Lawali, malamin falsafa a lise, wato babbar sakandare, mazaunin Sabon Gari a nan Maraɗi, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motar da ta fi kowace mota nagarta a faɗin jihar nan, wadda unguwa ta laƙaba wa suna 'Yar Yamai. Ta rasu ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, a kan kwaltar Tibiri, tana da kwana arba'in da bakwai a hannuna. Ta cika da amarya a cikinta.

Liman ya hana ni buɗe wannan sanarwa da kalmomin da ake buɗe ta mutane, ya ce ƙarfe ba shi da rai. Na bi maganarsa, ko da yake shi bai taɓa jin numfashinta da safe ba.

Ina roƙon mai karatu ya daure ya kai ƙarshe, domin lokaci ya ƙure a wuri biyu. Ranar Alhamis gwanin kamfanin da ya sayar mini da ita zai iso daga Yamai ya buɗe cikinta, ya yanke hukunci ko garanti zai ɗauki gyaranta. Ranar Juma'a kuma, bayan masallaci, dangin ango za su zauna a Tibiri su yanke hukunci ko amaryar da motar ta mutu da ita a ciki za ta ci gaba da zama a gidansu. Takarda ɗaya ce za ta amsa wa zaman biyu, ita ce wannan.

Marigayiya ba 'yar Kwatano ba ce. Ba ta yi wa wani Bature bauta shekara goma sha biyar ba kafin a sallamo ta zuwa gare mu da tari da ciwon baya. Sabuwa ce fil, da ledarta a kan kujeru, ledar da na hana a cire har ranar da ta bar duniya. Shekara goma sha tara na yi ina zuwa aiki a kan babur, ina koya wa yara cewa mai hankali ba ya ɗora darajarsa a kan abin duniya. Da na gama gamsar da su, na sayar da rabona na gonar gado a Jiratawa, na haɗa da abin da na tara, na tafi Yamai na ɗauko ta.

Tana da halaye na gari. Ba ta ɗaga murya. In an tashe ta da safe, sai ta ce «hmmm» sau ɗaya, kamar dattijuwar da ta ji magana ta fahimta. In ka manta ɗamara, sai ta ce «tin, tin, tin», cikin ladabi, ba ta fasawa kuma ba ta zagi. Tana da sanyi a ciki irin na ofishin manya. Maiɗakina Ramatu, wadda ta yi shekaru tana hawa kabu-kabu zuwa asibitin da take aiki, ta shiga ranar farko, da muka kai ta ce, «Baban Atika, ashe haka mutane ke isa wurin aiki da tsabtarsu.»

Aibinta ɗaya, kuma a rubuce aka ba ni shi. Ba ta cin abincin titi. Takardar garanti, shafi na huɗu, ta ce man gidan mai kaɗai za ta sha. In aka sami wani abu dabam a cikinta, kamfani ya wanke hannunsa. Ban ɗauki wannan aibi ba, na ɗauke shi asali. Tanimu mai ruwa-ruwa, wanda teburinsa na kwalaben mai yake bakin layinmu, shi ya shayar da baburina duk shekarun nan. Ranar da na wuce shi a cikin 'Yar Yamai na sauke gilashi na ce masa zumunci na nan, amma ciniki ya ƙare. Ya ce, «Allah shi sa alheri, Mushe», kamar yadda ake kiran malamin boko a nan. Bai ƙara ko kalma ba. Na lura mutanen da ba su yi jami'a ba sun iya wannan.

A fadarmu ta shayi kuwa, inda ake yi mini tsiya cewa motar zamani kwamfuta ce mai taya, ba ta jure ƙasarmu, na tsara amsa guda wadda na riƙa maimaitawa har ta zama kamar taken ƙasa. Nakan ce: «Wannan ba ta lalacewa. In kun ga ta tsaya, kada ku duba inji, ku duba wanda ke ciki.» Ana dariya, ina jin daɗi. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan jimla. Wasu sun riƙe ta.

Kowa ya san dokar unguwa, ko da ba a rubuta ta a shafi na huɗu ba: sabuwar mota ita ke kai amarya. Ba a tambayar mai ita ko yana so, ana dai sanar da shi rana. Maƙwabcina Malam Maliki, mai sayar da atamfa a kasuwa, wanda katangarmu ɗaya shekara ashirin, ya shigo ya ce ɗiyarsa Hidaya za ta tare a Tibiri ranar Asabar. Hidaya a gabana aka haife ta. Tare suka tashi da ɗiyata Atika, ta zauna a ajina shekara guda, kuma ita ta zaɓi Bilal da kanta, mai shagon hatsi, yaro mai kunya. Na ce wa Malam Maliki ko bai zo ba ni zan kai ta.

Aka ɗaura wa marigayiya ƙyalle da furannin roba, abin da na jure. Amarya ta zauna a baya tsakanin ƙawarta da innarta, an lulluɓe ta, tana kuka daidai gwargwado. A gaba, kusa da ni, Hajiya Tsahara ta zauna, gwaggon ango, wadda ta zo ɗaukar amarya, kuma wadda ba a aure ko saki a gidansu sai ta ɗaga kai. Muna fita gari ta shafa ledar kujera ta ce, «Mushe, wagga dai za ta kai mu ko?»

Da na yi shiru, da yau sanarwar nan ta fi haka gajarta. Amma ni malami ne, an yi mini tambaya. Na gyara zama na ba ta jimlar tawa cikakkiya, har da inda ake duba wanda ke ciki.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Mun wuce rabin hanya sai na ji ta ce «kuf». Na ƙara sautin rediyo. Ta sake cewa «kuf, kuf», ta yi wata girgiza kamar mai jin sanyi. Wata fitila mai ruwan lemo, wadda ban taɓa gani ba, ta kunnu a gabana. Na taka, ta ƙi. Na sake takawa, ta ja dogon numfashi, «rrrr», ta gangara gefen kwalta a hankali, da mutuncinta, ta tsaya gab da wata bishiyar bedi. Na murɗa makulli, ta ce «tak». Na sake, ta ce «tak». Wannan ita ce kalmarta ta ƙarshe. Rufin kwanon Tibiri muna hango shi.

Motocin rakiya suka tsaya a bayanmu, guɗa ta yanke. Sai Hajiya Tsahara ta juya a hankali, ta ɗora hannu a kan kujera, ta dubi wanda ke ciki. Ba ni ta duba ba.

Aka fito da amarya a bakin hanya, masu babur suna rage gudu suna kallo. Ta ƙarasa gidan mijinta a gaban motar kaya, tsakanin direba da buhun tukwane.

Abin da ya biyo baya, daga bakin Malam Maliki na ji shi. Kafin a watse biki magana ta zaga Tibiri: yarinyar farar ƙafa gare ta, irin wadda in ta shiga wuri arziki ke fita. Hujja kuwa ba ta boka ba ce, ta malamin lise ce, mai digiri, wanda ya faɗa da bakinsa cewa motar ba ta lalacewa. Ranar Lahadi aka hana ta taɓa makullin shagon Bilal. Ranar Litinin wata akuya ta mutu a gidan, akuyar da kowa ya san ta ci leda, amma aka dubi ɗakin amarya. Yanzu ana cewa ta koma gida «ta ɗan huta». Duk wanda ya girma a nan ya san tsawon wannan hutu. Bilal yana son matarsa, amma a gaban gwaggonsa muryarsa ba ta kai ta marigayiya ba.

Malam Maliki bai zarge ni ba. Ya zauna a zaurena yana juya hula a hannu, ya ce, «Mushe, kai ka yi karatu. Mota sabuwa tana mutuwa haka kawai?» Na ce masa ana bincike. Na yi amfani da kalmomin Faransanci guda uku. Ya gode mini ya tafi.

An kai gawa garejin Jibo, makaniken da ya riƙe baburina da rai tun da na saye shi. Ya saurari bayanina, ya zura tiyo a tanki, ya zuƙo abin da ke ciki ya zuba a kwalba, ya ajiye a rana. Muka tsaya muna kallo. Cikin minti kaɗan kwalbar ta rabu biyu: sama mai, ƙasa wani abu mai kama da ruwan wankin shinkafa.

Jibo ya ce, «Mushe, wane gidan mai ne ya ba ka wanga?»

Na ce ban riƙe sunan ba.

Ya ce, «To.» Ya goge hannu, ya rage murya. «Ka ga, abin da ya ƙone ya ƙone, sai an sake shi, kuma ba a nan ake samun shi ba. Amma tanki ana wanke shi. In sauke shi yau, in wanke, in shanya, mu zuba na gidan mai. Mutumen Yamai ya zo ya shinshina, ba ya jin komi. Sai ya rubuta laihin kamfani ne, ko ya ce ba a gane ba. Su biya. Ni ban gani ba, kwalba ba ta magana.»

Na tambaye shi, in an gyara, zan iya sake yarda da ita? Ya ɗaga kafaɗa ya ce babur ɗina ya sha abin da ya fi wannan muni ya yi gyatsa ya wuce, amma waɗannan na yanzu cikinsu na 'yan gata ne. Ita ba za ta canja ba, garin ma ba zai canja ba.

Na ce ya ba ni kwana ɗaya in yi tunani. Tunani sana'ata ce, kuma na yi shi da kyau. Na gano cewa kamfani ba maraya ba ne. Na gano cewa camfi ba ni na ƙirƙiro shi ba, kuma ba ni zan kashe shi ba. Na gano cewa in gwani ya rubuta «ba a gane dalili ba», ni na tsira, gonar Jiratawa ba ta tafi a banza ba. Abin da na kasa ganowa shi ne yadda za a fassara wa Hajiya Tsahara «ba a gane dalili ba» ta ji wani abu ban da sunan Hidaya.

Ina cikin wannan aikin, jiya Talata da hantsi, saƙon murya ya shigo wayar Ramatu. Ta saurara, ta zo ta ajiye mini wayar a kan littafin da nake riƙe da shi, ta koma ta tsaya a bakin ƙofa. Muryar Hidaya ce, ƙasa-ƙasa, kamar mai magana a bayan labule.

«Inna Ramatu, ki ba Baba haƙuri. Wallahi ban san haka za ta hwaru ba. Da na sani da na hau babur. Ki ce mashi ya yahe mani motarshi.»

Na saurara sau biyu. Yarinyar da na koya wa bambancin dalili da zato, na ba ta sha huɗu bisa ashirin, ita ce take neman gafarata.

Ramatu ta ce, «Baban Atika, ranar Asabar da safe ina ka tafi da jarka?»

Saboda haka, ga dalilin rasuwa, kamar yadda ya kamata a rubuta shi tun farko.

Marigayiya ba ta mutu da ƙafar kowa ba. Ni na kashe ta. Ranar Asabar kwana uku ke nan gidajen mai na garin nan babu mai, inda ake da shi kuma layi ya kai inda ido ba ya kaiwa. Allurar tankina tana kwance. Ina da zaɓi: in je in gaya wa Malam Maliki cewa motar da ta fi kowace mota ba ta da abin da za ta kai Tibiri, a nemi wata, a yi mini dariya a fada har azumi. Ko kuma in bi ta bayan layi da jarka. Na bi ta bayan layi. Na sayi lita goma a wurin Tanimu, na zuba mata a cikin gida, ƙofa a rufe.

Ina so a rubuta, kuma a karanta da ƙarfi, cewa Tanimu ya hana ni. Ya ce, «Mushe, wanga na ƙasan duro ne, ragowa ce. Na babur ne. Kada ka ba wagga.» Na ce masa ni na karanta littafin motar, shi bai karanta ba. Tun ranar bai gaya wa kowa ba, ko da yake kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta rama masa gilashin da na sauke. Duk wanda ya ƙaurace wa teburinsa saboda wannan sanarwa ya zalunce shi.

Jimlar da na faɗa a fada, na kuma faɗa a gaban Hajiya, ban janye ta ba. Na ce a duba wanda ke ciki. Mu biyar ne a ciki. An duba kujerar da ba ita ba.

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita, wanda zai ci gaba da koyar da falsafa in yara sun yarda su daina murmushi. Ta bar Ramatu, wadda ta koma kabu-kabu tun Litinin ba ta ce uffan ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ta bar makulli biyu, ɗaya ba a taɓa amfani da shi ba. Ta bar leda a kan kujeru huɗu, cikin ƙoshin lafiya. Ta bar takardar garanti mai shekara uku, wadda ake sa ran za ta bi ta da zarar wakilin kamfani, wanda yake cikin wannan zaure na waya da nake aika sanarwar, ya kai sakin layin da ke sama. Ina gaishe shi. Ta kuma bar wani tsohon babur a bayan ɗaki, wanda na rufe da buhu ban yi masa sallama ba. Na buɗe shi yau da safe, na taka sau biyu, ya tashi. Bai ce komai ba shi ma.

Ga yadda aka tsara jana'iza.

Ba za a yi wa gawa wanka ba. Na gaya wa Jibo ya bar tanki yadda yake. Gwanin kamfani zai same ta ranar Alhamis a gareji, ƙarƙashin tamfol, da abin da ta ci na ƙarshe a cikinta. Ba sai ya wahalar da hancinsa ba.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ni da Malam Maliki za mu tafi Tibiri a kan babur, ni a gaba, shi a baya riƙe da kwalbar. Jibo ya ce in an girgiza ta a hanya ba komai, a ajiye ta a ƙasa a jira, za ta sake rabuwa a gaban kowa. Ina roƙon Bilal ya karanta wa gwaggonsa wannan takarda kafin mu iso, tun daga farko har ƙarshe, a tsaye, da irin muryar da yake kiran farashin gero. Ban sani ba ko Hajiya za ta yarda da kwalba. Ta yarda da ni sau ɗaya, ga inda ya kai mu. Amma in ana neman wanda ya shiga wuri arziki ya fita, zan zauna a tabarmarta a dube ni da kyau, har ƙafafun.

Hidaya, ɗiyata, ba ki da abin da za a yafe miki. Ki riƙe ɗakinki.

Za a karɓi gaisuwa a fadarmu ta Sabon Gari kullum bayan la'asar, kwana uku. Masu zuwa dariya su zo ranar farko a gama da su. Ba a buƙatar abinci. Wanda ya ce «ai na faɗa» zai sayi sukari.

Game da ko za a ta da marigayiya, da kuma da me, ban da amsa. Gonar da za a sayar an riga an sayar. Kafin in aika wannan sanarwa na ba Ramatu ta karanta, domin duk abin da za a rasa, tare da ita za a rasa shi. Ta karanta a tsaye, da kayan aikinta a jiki. Ta gyara mini kuskuren rubutu guda biyu. Ta ce, «Aika.»

Sannan ta ɗauki wayarta ta fita tsakar gida. Tana da shanu biyu a Jiratawa a hannun wanta Bawa, shekara shida tana kiwonsu da niyyar kujerar Makka. Ta bayan taga na ji ta gaishe shi, ta tambayi yara, ta tambayi ruwa a fadama. Sai ta rage murya ta ce, «Yaya, mutumen nan da ya taya jar saniyar, har yanzu yana so?»